Nasiha ga Samari Kan Fentin Ƙarfen da Ke Shiga Ruwa

Ya ku ƙannena da 'ya'yana, musamman waɗanda Allah Ya hore wa koyon sana'a a garejin walda da rumfunan fenti na garuruwan bakin ruwa, daga Yawuri zuwa Lakwaja, daga Baga zuwa Ikko, ina roƙonku ku tattaro hankalinku mu ɗan tattauna wata mas'ala wadda a ido ƙarama ce, har wani ya ce ba ta cancanci a ɓata tawada a kanta ba, alhali kuwa dukiyar bayin Allah, wani lokaci ma har rayukansu, suna rataye da ita. Mas'alar kuwa ita ce ta fentin da ya kamata a shafa wa ƙaramar tirelar nan ta ƙarfe da ake ɗora wa jirgin ruwa mai inji, a ƙulla ta a bayan mota, a ja ta daga gida zuwa gaɓa, a tura ta da baya cikin ruwa har jirgin ya taso daga kanta ya yi iyo. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, tafki ya shimfiɗu, jiragen inji suka yawaita a hannun hukumomi da masu jigila da wasu daga cikin Sarkawa masu hali, irin wannan aiki ya riƙa zuwa ƙofar garejinmu, kuma na lura cewa yawancin yaranmu suna karɓarsa kamar yadda suke karɓar fentin ƙyauren gida ko gadon ƙarfe, ba tare da sun tsaya sun yi tunanin inda abin zai tafi ba.

To, ku sani cewa a cikin dukan ƙarafan da za su bi ta hannunku, da wuya ku sami wanda aka ɗora wa wahala irin ta wannan tirela. Jirgi yana zaune cikin ruwa ya saba da shi, babbar mota tana kan tudu ta saba da ƙura, amma ita wannan baiwar Allah ba ta da mazauni guda: da hantsi tana kan hanya, tsakuwa na tashi daga ƙarƙashin taya tana dukan cikinta, rana ta gasa ta har ba a iya ɗora hannu a kanta, kafin azahar an tsoma ta cikin ruwan sanyi da zafinta, sannan a fito da ita a jingine a ƙarƙashin bishiya, ruwa yana kwance a kowane lungu nata har ya bushe don kansa. Wannan jiƙewa da bushewa, jiƙewa da bushewa, shi ne abincin tsatsa, domin baƙin ƙarfe ba ya yin tsatsa sai abubuwa biyu sun haɗu a kansa, wato ruwa da iskar oksijin, kuma babu inda suke haɗuwa da yawa kamar a jikin ƙarfen da aka tsamo daga ruwa aka bari a sarari. Idan kuwa ruwan na gishiri ne, kamar na teku, wanda kowace lita tasa ke ɗauke da gishiri kimanin giram 35, to lamarin ya ninka, saboda gishiri yana sauƙaƙa wa ƙwayoyin lantarki tafiya cikin ruwa, tsatsa kuwa a haƙiƙaninta aikin lantarki ce mai tafiya a ɓoye. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mai kaya, tun kafin ka tambaye shi launin da yake so, ita ce: “Alhaji, wane ruwa za ta shiga?” Abin da zai wadatar a Tiga ko a Yawuri ba zai kai labari a bakin tekun Ikko ko Fatakwal ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta tsatsa da ya wajaba ku fahimta, domin a kanta dukan sauran maganar ta ginu. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, tana kumbura ninki da yawa, kuma jikinta kamar soso yake, yana shan laima yana riƙewa. Idan aka shafa fenti a kanta, komai tsadarsa, an rufe ta ne da guzurinta a ciki. Za ta ci gaba da cin ƙarfe a ƙarƙashi, ta kumbura, ta ɗaga fentin ya yi ƙuraje, ƙurajen su fashe, ruwa ya sami ƙofa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ban san inda wannan karin magana ya fi dacewa ba kamar a nan.

Daga wannan za ku gane abin da nake son ya zauna a zukatanku, wato cewa ƙarkon fenti yana ga abin da ke ƙarƙashinsa, abin da ke ƙarƙashinsa kuwa mai kaya ba ya gani. Ranar da zai zo karɓar tirelarsa, wadda aka goge har ƙarfe ya yi fari aka yi mata shimfiɗa uku, da wadda aka kakkaɓe wa ƙura aka watsa wa shuɗin fenti da la'asar, duka biyu ƙyalli suke yi, kuma mai yiwuwa ne ma ta biyun ta fi ɗaukar ido. Bambancinsu ba ya bayyana sai bayan damina ɗaya ko biyu, lokacin da an daɗe da cinye kuɗin. Wannan shi ya sa nake ɗaukar aikin a matsayin amana tsantsa, irin wadda malamanmu na fiƙihu suka yi dogon bayani a kanta a babin ciniki da ijara, inda suka nuna cewa ɓoye aibin kaya algus ne, kuma wanda ya saya yana da haƙƙin mayarwa idan aibin ya bayyana. Fenti a kan tsatsa ɓoye aibi ne da hannu, ko da wanda ya shafa bai furta ƙarya da bakinsa ba. Na taɓa tsayawa a gaɓa na ga tirela ta karye a tsakiya ana cikin fito da jirgi, ƙarfen ya buɗe kamar busasshen ɓawon gyaɗa, cikinsa duk jan gari, alhali bayansa yana nan da koren fenti mai kyau. Allah Ya tsare ba wanda ke ƙarƙashi, amma tun daga ranar ban ƙara yarda da ƙyallin fenti ba.

Sharar ƙarfe tana da tertibi, kuma saɓa tertibin yana ɓata aikin. Ana farawa da wanke maiƙo, wato giris da baƙin mai, da omo da ruwan zafi ko da tina a tsumma mai tsabta, domin wanda ya fara da samfefa ko burushin waya kafin ya cire maiƙo bai yi komai ba face ya baza shi ya cusa shi cikin ƙarfe. Idan tirelar ta taɓa shiga ruwan gishiri, sai a yi mata wanka da ruwan daɗi mai yawa, a maimaita, saboda gishirin da ya maƙale a ramukan tsatsa, ko da ido bai gan shi ba, zai jawo laima ta cikin fentin kamar yadda gishirin miya ke jiƙewa da damina a cikin kwalba. Bayan nan sai gurza. Mafi inganci shi ne feshin yashi da injin iska, wanda ke tsiraita ƙarfe tas ya bar shi da ɗan kaushi da fenti zai kama; inda babu wannan, injin gurza na hannu da samfefa mai kaushi za su yi, da sharaɗin a yi haƙuri a kai ga farin ƙarfe, kada a tsaya a inda tsatsa ta yi santsi tana ƙyalli, domin burushin waya ya iya goge tsatsa ta yi sheƙi har ta yaudari mai aiki. Kuma kada sabon ƙarfe ya ruɗe ku. Wannan shuɗi-baƙin fata da kuke gani a jikin sabon ƙarfe daga masana'anta ɓawo ne da zafin murzawa ya haifar, yana tsagewa ya ɓare daga baya ya tafi da duk fentin da ke kansa, don haka shi ma dole ya fita. Da zarar ƙarfe ya tsiraita, a rufe shi da shimfiɗar farko a wannan yini, kada ya kwana, domin raɓar dare ɗaya ta isa ta mayar da shi ja.

Inda rami ya yi zurfi har injin bai kai ba, akwai ruwan magani da ake sayarwa wanda ke juya ragowar tsatsa ta koma baƙa ta daskare. Wasu ana yin su da sinadarin fosfarik, wasu da tanin, kuma wannan na biyun ba baƙo ba ne a wurinmu, domin shi ne sinadarin da ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, kuma haɗuwarsa da ƙarfe ita ce ke ba dukawa baƙin launin da suke zana fata da shi. Amfaninsa gaskiya ne amma iyakarsa kaɗan ce: yana gyara ɗan abin da ya rage bayan gurza, ba ya ɗauke wa kowa wahalar gurzar.

Yanzu sai mu zo ga abin da za a shimfiɗa, kuma a nan ina so in ɗan dakata a kan tutiya, wadda ake kira zinki, domin ita ce sarauniyar wannan babi. Ku dubi kwanon rufin gidajenmu: baƙin ƙarfe ne siriri, amma yana shekaru yana shan ruwan sama bai huje ba, saboda an lulluɓe shi da tutiya. Hikimar da Allah Ya sanya a cikin wannan ma'adini ita ce, idan ya haɗu da baƙin ƙarfe a cikin laima, shi ne ke fara narkewa ya bar ƙarfen lafiya, kamar dogarin da ke tare wa ubangidansa sara, har ma idan aka ƙarce shi ƙarfe ya bayyana, tutiyar da ke gefen ƙarcewar tana ci gaba da kare wurin. Wani masani na Ingila, Humphry Davy, shi ya nuna wannan asali a shekarar 1824, lokacin da jan ƙarfen da ake lulluɓe cikin jiragen yaƙin ƙasarsa da shi yake lalacewa a teku, ya liƙa masa 'yan guntayen tutiya da baƙin ƙarfe, guntayen suka riƙa cinyewa jan ƙarfen ya tsira. Ba a daɗe ba, a cikin shekarun 1830, wani Bafaranshe mai suna Stanislas Sorel ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya, kuma har yau ita ake bi: a wanke ƙarfe da ruwan asid, a nutsar da shi cikin kwamin tutiya mai zafin kimanin digiri 450 a ma'aunin Salshiyas, ya fito da riga wadda ta haɗe da jikinsa ciki da waje. A kan ƙarfe mai kauri, wannan riga takan kai maikiron 85 ko fiye, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ra'ayina, ba tare da wata inda-inda ba, shi ne duk tirelar da za ta yi zama a ruwan gishiri, idan mai ita yana da hali kuma akwai masana'antar da za a kai ta, a tsoma ta, domin babu burushi ko bindigar feshi da za ta shiga cikin bututu kamar yadda narkakkiyar tutiya ke shiga.

Sai dai ga wani tarko da na ga ya kama masu sana'a da yawa. Mutum ya sami tirela mai rigar tutiya, ya ga launinta fari-fari bai yi masa ba, ya ɗauko fentin mai na gwangwani irin na ƙofa da taga ya shafa, bayan 'yan watanni fentin ya riƙa saɓulewa falle-falle kamar saɓar maciji, ya ce an sayar masa da jabu. Fentin ba jabu ba ne. Man da ke cikinsa ne ya haɗu da tutiya suka zama sabulu a tsakaninsu, kamar yadda mai da toka ke zama sabulun salo a tukunyar iyayenmu mata, fenti kuwa ba ya zama a kan sabulu. Wanda zai yi wa tutiya fenti sai ya wanke ta, ya ɗan kausasa ta da samfefa mai laushi ba tare da ya cinye rigar ba, sannan ya fara da fentin tushe da aka rubuta a gwangwaninsa cewa na ƙarfe mai tutiya ne. Haka nan idan tirelar ta alminiyam ce, wadda za ka gane da cewa maganaɗisu ba ya kama ta, galibi ba ta bukatar fenti sam, abin da take tsoro shi ne haɗuwa da wani ƙarfe daban a cikin ruwa, musamman jan ƙarfe, don haka kada a kusance ta da fentin cikin jirgi mai ɗauke da jan ƙarfe.

Amma yawancin abin da zai zo muku baƙin ƙarfe ne da aka yi wa walda a gari, kuma a kansa ne zaɓen fentin tushe, wanda kuke kira firama, yake zama babban hukunci. Jan firamar nan da kowa ya sani, mai araha, wadda ake shafa wa ƙyaure da tagogi, ba ta da laifi a muhallinta, amma an yi ta ne don ƙarfen da ruwa ke zuba a kansa ya wuce. Wanda ake nutsarwa kuwa, takan yi laushi ta kumbura, kuma araha ba ta ado. Akwai wata tsohuwar jar firama da ake yi da dalma, wadda magabata a wannan sana'a suke yabo saboda ƙarkonta, kuma gaskiya tana da ƙarko, amma ina yi muku gargaɗi da babbar murya ku nisance ta, ku kuma yi hattara da ƙurarta idan kuna gurza tsohon ƙarfe. Mu mutanen Arewa ba ma bukatar a ba mu labarin dalma daga wata ƙasa, bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a shekarar 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya masu ɗauke da ita ta hallaka yara fiye da 400. Ƙurar da ka kwaso a rigarka daga gareji, ɗanka na goye ne zai shaƙe ta a ɗaki.

Abin da nake ba da shawara a kansa shi ne firama mai yawan garin tutiya, irin wadda tutiyar ta kai kashi 80 cikin 100 na busasshen fentin ko ta wuce, za ka kuma gane ta da nauyin gwangwaninta da yadda garin ke kwanciya a ƙasa sai an yi ta motsawa. Sharaɗinta guda ne, ba ta aiki sai ta taɓa tsiraicin ƙarfe, domin kariyarta ta lantarki ce. Wanda ya shafa ta a kan tsohon fenti ya zubar da kuɗinsa. A kanta sai a ɗora ifoksi, wato fentin nan mai gwangwani biyu, babba da ƙarami, wanda ba ya bushewa da iska kamar sauran, sai dai ya daskare saboda haɗuwar sinadaran biyu, ya zama kamar ƙashi, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Inda ba a sami feshin yashi ba, aka yi gurzar hannu, gara a tafi kai tsaye ga nau'in ifoksi mai kauri da aka yi musamman don ƙarfen da shararsa ba ta kai matuƙa ba. Ifoksi yana da ladubbansa. Ana auna kashi biyun daidai yadda aka rubuta, da gwangwanin awo, ba da ƙiyasin ido ba, kuma ƙara maganin daskarewa ba ya sa shi saurin kamawa, sai dai ya ɓata shi. Ba a haɗa abin da ya fi ƙarfin aikin sa'a guda ko makamancin haka, domin da zarar an gauraya ya fara mutuwa a cikin kwano, kuma zafin ƙasarmu yana gajarta masa rai ƙwarai fiye da abin da aka rubuta don ƙasashen sanyi. Idan kuma akwai tsohon fenti da ake son a bari, a jiƙa tsumma da tina a ɗora a kansa na 'yan mintoci. In ya yi laushi, to ifoksi zai tattare shi ya yamutse, sai a cire shi duka.

Aibin ifoksi ɗaya ne, ba ya jure rana. Hasken rana yana cin fuskarsa ta koma gari kamar alli, launinsa ya kwanta. Shi ya sa ake rufe shi da fentin sama na foliyuretan, shi ma mai gwangwani biyu, wanda ke riƙe launi da ƙyalli shekaru, a kuma shafa shi cikin wa'adin da aka ƙayyade, domin idan ifoksi ya wuce kwanakinsa ya ƙeƙashe, sabon fenti ba zai kama shi ba sai an sake kausasa shi. Game da launi, ni na fi son mai haske, fari ko ruwan toka, saboda ɗigon tsatsa yana bayyana a kansa tun yana ƙarami, baƙi kuwa yana rufa wa ɓarna asiri har ta girma, ga shi kuma yana tara zafi. Kwalta da wasu ke shafawa tana hana ruwa, ba na musu, amma tana narkewa a rana, tana ɓoye tsagewar walda, kuma duk fentin da aka ɗora a kanta sai ta huda shi ta fito.

Bari in yi muku ɗan lissafi, domin ku daina jin kunyar faɗa wa mai kaya adadin gwangwanin da aikinsa zai ci. Lita ɗaya ta fenti, idan aka baza ta a kan murabba'in mita 10, kaurinta yana jiƙe maikiron 100 ne. Idan rabin abin da ke cikin gwangwanin ruwa ne mai tashi, to abin da zai rage bayan bushewa maikiron 50 ne kacal, wato bai kai kaurin gashin kai ba a galibi, alhali ƙarfen da ake nutsarwa yana bukatar ninkin wannan sau da yawa, a shimfiɗa bayan shimfiɗa. To, ku auna da kanku abin da ke faruwa idan yaro ya tsinka fenti da fetur ko kananzir domin gwangwani ɗaya ya isa inda biyu za su shiga. Ya rage kaurin da ma bai isa ba, ya kuma zuba wa fentin abin da ba jinsinsa ba. Kowane fenti yana da tinarsa, kuma kaɗan ake sa wa.

Wuraren da tsatsa ke fara kamawa sanannu ne, kuma duk masu wuyar kai hannu ne. Fenti yana gudun kaifi, yana janyewa daga bakin ƙarfe ya bar shi da ɗan siririn lulluɓi, saboda haka a dasashe kowane kaifi da injin gurza, a cire 'yan ƙwallayen da walda ke fesawa, sannan kafin a yi feshin gaba ɗaya a bi kan layukan walda da kusurwoyi da ramukan noti da burushi, a ba su shimfiɗa ta musamman. Idan an canja launi tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa, ido zai nuna maka inda ka tsallake. Sai kuma cikin bututu, wanda shi ne makashin yawancin tirelolin da na sani, domin ruwa yana shiga ta ƙaramar kafa ya rasa mafita, ya kwana ya wuni a ciki, ƙarfe ya ruɓe daga ciki zuwa waje. Wanda zai ƙera sabuwa, ya fi masa alheri ya yi amfani da ƙarfe buɗaɗɗe mai siffar kwararo, wanda ido ke ganin kowane gefe nasa. Wanda kuma ya tarar da bututu, ya huda masa mafitar ruwa a mafi ƙasƙancin wuri, ya fesa masa man kakin hana tsatsa a ciki. A kwance katakon da jirgi ke kwanciya a kai a fenta ƙarƙashinsa, domin darduma ko tsumman da ake naɗa masa yana riƙe ruwa kwana da kwanaki. Sifirin kuwa, tun da lanƙwasa yake yi, fenti mai tauri ba ya zama a kansa, giris ne abokinsa.

Lokacin aiki ma yana da hukunci. Ƙa'idar da masana suka ajiye ita ce kada a yi fenti idan laimar iska ta wuce kashi 85 cikin 100, kuma ƙarfen ya kasance ya fi ma'aunin saukar raɓa ɗumi da aƙalla digiri 3, wanda a aikace yake nufin kada a fara da sassafe ƙarfe yana sanyi, kada kuma a yi da almuru. Tsakiyar damina a bakin kogi ba lokacin wannan aiki ba ne. Rani ya fi, amma a cikin inuwa, domin ƙarfen da ranar bazara ta gasa yana busar da fuskar fenti nan take ya kulle tina a ciki ta zama ƙuraje. In kuwa hunturu ne mai hazo, a yayyafa ruwa a ƙasan rumfa a kuma kare ta da tabarma ko leda saboda ƙura. Bayan an gama, a bar tirelar kimanin mako guda kafin ta ga ruwa, ko da hannu ya ji ta bushe tun washegari. A nan ne za a matsa muku, mai kaya zai zo ya ce jibi yake da tafiya, amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gara ka ce masa, cikin ladabi, “Ranka ya daɗe, ka yi wannan tafiya da ita yadda take, in ka dawo ka ba ni kwana goma,” da ka ba shi aikin da ka san ruwa zai ɓata a tsomawar farko.

Kada ku zaci wannan tertibi ƙaƙale ne na masu son wahala. Akwai wata babbar gadar jirgin ƙasa a Sikotlan, a kan mashigin tekun Forth, wadda aka buɗe a shekarar 1890, aka kuma shafe fiye da shekara ɗari ana bin ta da burushi, ana gyara nan can yana ɓarewa, har ta zama abin misali a bakin mutanen ƙasar. Da aka tashi magance abin, sai aka tsiraita ta da feshi har farin ƙarfe, aka yi mata shimfiɗa uku da suka haɗa da ifoksi mai garin gilashi irin na rijiyoyin man cikin teku, aka gama a watan Disamba na 2011, da tsammanin za ta kai shekara 25 ba a sake ba. Abin da aka yi wa wannan gada shi ne abin da nake faɗa muku ku yi wa tirela mai taya biyu, bambancin girma ne kawai.

Jikinku ma amana ne a hannunku, kuma ina jin ciwo idan na ga yaro yana feshi ya ɗaure hanci da tsohuwar riga. Maganin daskarewa na foliyuretan yana ɗauke da sinadarin da ke haddasa ciwon asma wanda ba ya barin mutum, tsumma kuwa ba ya tare shi. In babu abin rufe fuska na gaskiya mai matatar sinadari, a bar bindigar feshi a yi da burushi ko abin mirginawa, a fili mai iska. Ƙurar yashin feshi tana daskarar da huhu sannu a hankali. Hayaƙin walda a kan ƙarfe mai tutiya yana kawo zazzaɓi da makyarkyata da dare, don haka a gurje tutiyar daga inda za a ɗinke, a mayar da ita da firamar tutiya bayan an gama.

Idan ka miƙa wa mai kaya tirelarsa, ka haɗa masa da ɗan ragowar fenti a ƙananan gwangwanaye, kashi biyun a rabe, ka kuma gaya masa abin da ya rage a wuyansa. Duk ranar da ta fito daga ruwa, musamman na gishiri, a kwarara mata ruwan daɗi ciki da waje, a jingine ta gabanta a ɗage domin bututu su tsiyaye. Idan an yi doguwar tafiya, a dakata boris ya huce kafin a tura ta ruwa, saboda cibiyar taya mai zafi idan ta sha sanyi farat ɗaya tana zuƙo ruwa ta bakin roba ya gauraya da giris. Sau ɗaya a shekara kuma, kafin saukar ruwan farko, ya sa yaro ya kwanta ƙarƙashinta da ƙaramar guduma ya bi bututun yana ƙwanƙwasawa, inda sauti ya mutu a duba, inda tsakuwa ta ƙwarzane fenti a goge da samfefa har fari a ɗiga firama a ranar.